Baƙar Fitilar Mama Saratu Mai Kantu

Kwanakin baya wasu daga cikinku, ku samarin da kuke zuwa koyon wayarin, kun tsaya a ƙofar shagona kuna kallon dogon baƙin ƙarfen nan da ake jera wa fitilu, wanda muke kira tirak. Na ji ɗayanku yana cewa ai wannan ba aiki ba ne, noti huɗu ne da waya biyu, mutum ya kalla a bidiyo sau ɗaya ya iya. Ban tanka ba, don bakina cike yake da gyaɗa. Kuma gaskiya ya faɗa. Ɗinkin babbar riga ma ai allura ce da zare kawai.

Shekarata talatin da 'yan kai ina wannan sana'a a garin Lafiya, tirak kuwa bai daɗe da shigo mana ba. Ga wanda bai san shi ba, ƙarfe ne mai rami a tsakiya, a cikin ramin akwai siraran tagulla da wuta ke bi. Sai ka maƙala fitilu a jikinsa, ka ja su gaba ko baya, ka juya kansu inda kake so. Masu sabon gida baƙi suka fi so, don a kan farin silin yana fitowa kamar an ja layi da tawada. To, nan gizo ke saƙar. Fari in ya karkace, silin zai rufa maka asiri. Baƙi ba ya rufa wa kowa asiri. Ka kauce da faɗin ɗan yatsa, duk baƙon da ya shigo sai ya ɗaga kai, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Shi ya sa har yau zare da alli ba sa barin jakata, suna nan tare da testa da filaya da sukudireba.

In za ku saya, ku ɗaga ku ji nauyinsa, ku leƙa ramin ku ga tagulla ce ta gaske ko ƙarfe ne aka shafa wa ja. Kan fitila na roba, zafi ɗaya zai sha ya fara wari. Araha ba ta ado. Wani aiki da aka kira ni gyara a Assakio, wanda ya fara ɗaurawa a jikin farar ƙasar silin ya ɗaura notinsa, bai nemi katakon da ke sama ba. Sati uku tirak ɗin ya yi a rataye, ran nan ana cin abinci ya sauko gaba ɗayansa cikin miyar agushi. Allah ya taƙaita, miyar kawai aka yi asara. Haka kuma kada ku sa fitila a saman fanka, hasken zai riƙa ƙyaftawa har kan mutum ya yi ciwo. Ku kuma gaya wa matar gida ta riƙa dubawa, don zanzaro yana son ramin nan, in ya samu sai ya gina gidansa a ciki har da ɗakin baƙi.

Duk wannan a mako biyu za ku iya. Sauran kuwa sai da gemuna ya yi fari wata tsohuwa ta ƙarasa koya mini, alhali ko fis ba ta san yadda ake canzawa ba.

Mijinta ne ubangidana, Oga Bulus. Daga Arikya mahaifina ya kawo ni ya damƙa masa, ya ce nama naka, ƙashi nawa. Shekara guda cur ban taɓa waya mai wuta ba. Aikina ɗaukar tsani da fasa bango da guduma da cizal, in zura bututu, in share. Ranar da ya fara miƙa mini testa na ɗauka na zama injiniya. Na dangwala a soket, bai kama ba, na kai hannu zan kwance. Sai na ji ranƙwashi a ƙeya. Ya ce, "Ka gwada testan a inda ka tabbata akwai wuta tukun. Testa ma yana ƙarya." Ashe ƙwan cikin testan ne ya mutu, soket ɗin kuwa cike yake da wuta.

A gidansu nake kwana. Su Kirista ne, ni Musulmi, matarsa Mama Saratu kuwa ta ware mini tukunyata daban tun ranar farko ba tare da kowa ya ce ta yi ba. In azumi ya zo, kafin a kira magariba kununa yana rufe a bakin ƙofa. Sana'arta kantun riɗi. Ta wanke riɗin, ta rege, ta shanya, sannan ta tsince, ta soya, ta haɗa da sukari ta yayyanka. Direbobin hanyar Makurdi sukan ce kantun Mama Saratu ido rufe ake taunawa, don ba a taɓa jin tsakuwa a ciki ba.

Muguwar shekararmu ita ce wadda taransifomar unguwa ta ƙone da damina, aka yi wata da watanni ba wuta. Wa zai kira mai wayarin alhali gari duhu? A cikin wannan hali Oga Bulus ya faɗo daga tsani a wani ɗan aiki da muka samu a ƙauye, ya karye a ƙugu, ya kwanta. Sauran masu koyo duk suka watse. Na haɗa kayana ni ma zan koma gona, Mama ta tare ƙofa. Ta ce, "Ina za ka? Babanka ya ba mu kai don lokacin daɗi kawai ne? Ajiye jaka nan." A faifanta muka ci abinci shekarar nan, mu bakwai. Kullum rana na ɓullowa za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar kicin, wajen gabas, ta ɗora faifai a cinya tana tsinta har hantsi ya ɗaga, sannan ta naɗe. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabanta ina gaishe ta, ban taɓa tambayar kaina me ya sa sai wannan wurin da wannan lokacin ba.

Oga Bulus ya rasu da daɗewa. Ɗansu Istifanus, wanda na sha goyawa a wuya, ya girma ya samu aiki a Abuja, ya gina gida a Bukan Sidi, ya ɗauko uwarsa daga tsohon gidan haya ya sa ta a ciki tare da matarsa Dooshima da yara. Da aka zo wayarin bai nemi kowa ba sai ni. Ya nuna mini hoton wani falo a wayarsa ya ce, "Yaya Sule, exactly haka nake so." Baƙin tirak layi biyu, fitilu takwas, haske ruwan ɗorawa. Na zage na yi aikin da ni kaina na san na yi. Fitila biyu na kallon hoton aurensu, biyu na kallon bangon talabijin, ɗaya na haska wani tulun furen roba, sauran suna wanke bango. Duk wanda ya shigo sai ya ce kamar otal. Na tambayi Istifanus komai, har kalar makunni. Mama kuwa, wadda za ta wuni a falon nan kullum, gaisuwa kawai na yi mata na wuce.

Bayan wata huɗu Dooshima ta kira ni. Ta ce, "Oga Sule, abeg ka zo, akwai wahala a gida." Na ɗauka wani abu ne ya ƙone. Da na je ta ja ni gefe ta ba ni labari. Ɗiyar maƙwabta ta tauna kantun Mama, tsakuwa ta ɓalle mata gefen haƙori. Kafin nan ma wani direba ya dawo da nasa, cikin ladabi dai, ya ce Mama ko ba ke kika yi wannan ba. Istifanus ya ji, ya ce daga yau an daina, a ɗauke faifan. An kai ta asibiti, aka ce ba makanta ba ce, tsufa ne, aka ba ta tabarau. Amma tun da aka ɗauke faifan ta rage cin abinci, ta rage magana, sai ta zauna tana kallon talabijin a kashe.

Na shiga na durƙusa na gaishe ta. Ta rame. Matar da ta tare ni a ƙofa shekarun baya, yanzu hannuwanta biyu ne a kan cinya ba abin da suke riƙe da shi. Wallahi abin ya taɓa ni, na kasa haɗa ido da ita.

Na ce, "Mama, me ya hana ki tsinta a waje kamar da?"

Ta ce, "Wane waje? Fita ka gani."

Na fita na gani. Katanga doguwa ta kewaye gidan, gabas kuma maƙwabci ya tayar da bene. Rana ba ta faɗowa tsakar gidan sai ta take tsaka, lokacin da ko akuya inuwa take nema. Wato tun da ta tare, a falon nan take tsinta, a cikin hasken da na tanadar wa furen roba.

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne, amfanin tirak ke nan. Na roƙi Dooshima ta fito da faifan da ɗan riɗi. Na hau tsani na jawo fitila uku na jera su daidai saman kan Mama, na cire masu ruwan ɗorawa na sa farare masu ƙarfi. Na kunna. Wurin ya yi fes, ko allura ta faɗi ka gani. Na sauko ina jiran sa albarka.

Ta sa tabarau, ta duba, ta motsa riɗin da yatsa. Ta ce, "Sule, wannan wuta naka ya fi na da muni."

Na ce, "Mama, fitila uku ne fa."

"Ko goma ne. Zo zauna nan."

Ta matsa, na zauna a tabarmar, ta ɗora mini faifan a cinya. Ta ce in nemo mata tsakuwa ɗaya. Ni da nake zura waya a bututu ba tabarau, na duba, na ƙara dubawa. Komai fari, komai iri ɗaya, riɗin yana ƙyalli yana mayar mini da hasken cikin ido. In na kai hannu kuma, inuwar hannuna ta rufe daidai wurin da nake son gani.

Ta ce, "Kashe. Kawo tocila naka."

Na kashe, aka saki labule, na ciro tocilar aikina. Ta karɓi faifanta ta ce in tsaya a hagunta. "Sauke. Ƙara saukewa. Kai, ka taɓa ganin rana na safe a saman kai? Sauke." Sai da na kai tocilar daidai kafaɗarta tana zaune, hasken ya kwanta a kan faifan daga gefe. Nan take na ga abin da ban taɓa gani ba. Ƙwayar riɗi a kwance take, inuwarta 'yar siririya ce. Tsakuwa kuwa a tsaye take, ko da launinsu ɗaya, inuwarta gajeriya ce mai kauri. Ga su nan ɗaya, biyu, uku, kamar an kira sunansu.

Ta ce, "Ni ba dutse nake gani ba tun da can. Inuwa nashi nake gani."

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekara talatin ina tunanin aikina shi ne korar duhu, in haske bai isa ba a ƙara. Ban san akwai mai neman haske don inuwar da zai ba ta ba. Kunya ta kama ni ƙwarai, don ba a hoto ya kamata in fara duba falon nan ba, a kan tabarmar nan ya kamata in fara zama.

Ranar Asabar Istifanus ya zo daga Abuja. Na ce masa ina so in ɗaura guntun tirak a jikin bango, a tsaye, ƙasa-ƙasa kusa da inda Mama ke zama, da fitila ɗaya. Ya dube ni kamar na ce zan ɗaure akuya a falon.

Ya ce, "Haba Yaya! Baƙin ƙarfe a tsakiyar farin bango? Ina aka taɓa yi? Zai ɓata design ɗin gaba ɗaya."

Na ce zai ɓata, ban musa ba.

Sai ya faɗi abin da ke cinsa. Ya ce ba bangon ba ne. Mutane na cewa ɗanta na Abuja amma uwar na aika kantu tasha. Kuma yau haƙori ne, gobe in yaron wani ya shaƙe fa? Ya juya wajenta ya sassauta murya. "Mama, kin wahala ya isa. Ki huta mana."

Ta ce, "Babanka yana can yana hutawa. Nashi ya ishe mu, mu biyu."

Ba wanda ya yi dariya sai Dooshima, ita ma ta toshe baki. Kuma ita ce ta raba gardamar. Ta ce a bar Oga Sule ya ɗaura. Gobe bayan coci ita da kanta za ta tsince mudu ɗaya na riɗi tas, da idonta na yarinya, sannan ta zuba tsakuwa bakwai a ciki ta juya. In Mama ta fitar da bakwai ɗin, a mayar mata da faifanta, kada a sake maganar. In ta bar ko ɗaya, shi ke nan, an daina, a cire ƙarfen a shafe ramin. Istifanus ya ce ya yarda. Na so in ce a ba ta kwana biyu ta saba da fitilar, amma kafin in buɗe baki Mama ta ce, "Na yarda." Ni kuwa na san in ta faɗi a wannan, ba faifan kawai za a ɗauke ba.

A nan ku buɗe kunne, don aikin ƙasa ba irin na silin ba ne. Abin da ke sama hannun yaro ba ya kaiwa, wannan kuwa jikoki na rarrafe a gabansa. Saboda haka ban yanko daga ragowar na silin ba. Na koma shago na ɗauko irin mai ƙaramar wuta, wanda ke zuwa da ɗan akwatinsa mai rage ƙarfi, ko ka sa yatsa ba abin da zai same ka, duk da haka na toshe sauran ramin da murfin roba. Na zaɓi kan fitila mai tattara haske wuri guda, ba mai watsawa ba, fari amma ba farin asibiti ba, mai kama da na hantsi. Na sa shi a hagunta don da dama take tsinta. Na ba shi makunninsa daban inda hannunta zai kai tana zaune. Ban auna tsawon da tef ba. Ita ta zauna, na riƙa ja sama da ƙasa har ta ce tsaya, na sa alli. Baƙin kan fitilar ma ya yi mana rana, don ba ya ƙyalli ta gefe ya shiga mata ido.

Lahadi bayan azahar na koma. Na tarar Dooshima ta gama nata, har da wuyanta ya ƙage. Ta nuna mana tsakuwa bakwai a tafin hannu, farare ƙanana, ta zaɓo masu mugun kama da riɗi. Istifanus ya ƙirga da kansa. Ta zuba, ta juya da hannu sosai. Aka saki labule, aka kashe na sama. Mama ta gyara zama, ta sa tabarau, ta kai hannu ta kunna fitilarta.

Ba ta yi sauri ba. Takan ja riɗi kaɗan da gefen yatsa zuwa gabanta, ta baza, ta duba, ta tura gefe. Dooshima ta ajiye mata murfin kwano. Can muka ji ƙwas, ta farko ta faɗa. Ba a jima ba ta biyu da ta uku. Yara suka taru suna ƙirgawa da ƙarfi har uwarsu ta harare su. Ta huɗu, ta biyar. Ta shida ta ɗan daɗe. Daga nan sai shiru. Riɗin da ya rage a gefen da ba a tsince ba yana ta raguwa, Mama ta tsaya ta cire tabarau ta goge ido da bakin zane. Ni dai ina tsugune a jikin bango ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na saci kallon Istifanus, mutumin da ya ce a daina, na ga leɓensa na motsi shi ma.

Ta miƙa hannu ta ɗan sauke kan fitilar da kanta, kamar ta shekara tana yi. Ta sake baza riɗin. Ƙwas.

Yara suka yi ihu, "Bakwai!" Dooshima ta yi guɗa irin tasu. Istifanus ya sauke numfashi ya rufe fuska da hannu biyu. Na miƙe zan yi mata barka, sai ta ɗaga mini yatsa ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ban gama ba."

Muka koma muka zauna. Saura ɗan abin da bai fi cikin cokali uku ba. Ta bi shi ƙwaya-ƙwaya kamar yadda ta bi na farko, har ta kai ƙarshe. Sannan ta ɗauko wani abu tsakanin yatsu biyu, ta saka a murfin. Ƙwas.

Dooshima ta leƙa, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ta ce, "Mama, Allah ya sani bakwai na saka."

Mama ta ce, "Na sani, 'yata. Wannan naki ne, wanda kika bari."

Ta kashe fitilarta, ta karkaɗe zane, ta dubi ɗanta.

"Istifanus, sukari ya ƙare."

Ya tashi ya ɗauki makullin mota.